Yayana Mai Gyaran Agogo, Abokin Muhawarata

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Yabo ya tabbata ga wanda ya ba mu ido domin dubawa, ya ba mu hankali domin aunawa, ya ba mu harshe domin mu yi wa juna bayani.

Mai girma shugabar wannan taro. Masu girma alƙalan muhawara. Shugabannin makarantun da suka turo wakilansu. Malamai 'yan'uwana, na kimiyya da na addini, waɗanda na ga yau an zaunar da su a layi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Iyaye maza da iyaye mata. Ɗalibai masu goyon baya da ɗalibai masu suka, har da waɗanda aka kwaso domin su cika kujeru su yi tafi. Jama'a baki ɗaya, amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ku.

Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan muhawara, ina godiya ga wanda ya tuna da sunana a cikinsu, ko da yake har yanzu ban san ko wane ne ba. An daɗe ba a kira ni in tsaya gaban jama'a ba, saboda haka idan kun ji muryata tana rawa, ku yi mini uzuri. Murya ma tana tsatsa idan an ajiye ta.

Batun da 'ya'yanmu za su tattauna a yau shi ne: shin halittu masu rai sun fito ne daga asali ɗaya suna sauyawa sannu a hankali, abin da ake kira juyin halitta, ko kuwa kowane jinsi an halicce shi kai tsaye a siffar da muke ganinsa? Ni tsohon malamin ilimin halittu ne, kuma wannan tambaya ta ci mini rabin rayuwa. Ina da abu uku da zan faɗa. Na farko hujja ce, na biyu labari ne, na uku roƙo.

Abu na farko. Ina so kowa ya san inda na tsaya, domin kada a ce na zo da fuska biyu. Ni na gamsu cewa hujjojin juyin halitta masu ƙarfi ne, kuma ba sai an je nesa ba kafin a fara ganinsu. Kowa ya miƙa hannunsa ya duba. Ƙashi ɗaya ne daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ƙashi biyu daga gwiwa zuwa wuyan hannu, sai tarin ƙananan ƙasusuwa, sai yatsu. Ku buɗe fiffiken jemage, wannan jerin za ku tarar. Ku duba ƙafar gaba ta kyanwa, shi ne dai. Ku je teku wurin ƙatuwar dabbar nan mai shayar da 'ya'yanta, wadda mutane ke ɗauka kifi ce, za ku tarar da jerin nan a cikin abin da take iyo da shi, kuma a cikin naman jikin wasunsu akwai ragowar ƙasusuwan ƙugu da na ƙafar baya, alhali ba sa taka ƙasa. Ɗaya yana rubutu, ɗaya yana tashi, ɗaya yana farauta, ɗaya yana iyo, amma tsarin ɗaya ne.

Sannan duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafafunmu hawa-hawa suke, na ƙasa ya girmi na sama, kuma burbushin halittun da suka daskare a cikinsu a jere yake zuwa, ba a hargitse ba: ba a samun dabba mai shayarwa a hawan da ya girmi kifayen farko. Sannan akwai rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai, wanda da shi ake tantance uba da ɗansa idan gardama ta tashi. Wannan ma'auni da aka ɗora a kan jinsuna sai ya nuna dangantaka ta kusa da ta nesa, kuma ya yi daidai da abin da ƙasusuwa suka riga suka nuna. Sannan akwai abin da ke faruwa a gaban idonmu: maganin sauron da ya kashe kakanninsa, yau jikokin suna shawagi a cikinsa.

Amma ku saurara da kyau, domin nan ne ake yawan zamewa. Kimiyya ba ta ce mutum ɗan birin da ke kan bishiya ba ne. Cewa ta yi akwai asali mai nisa da ya haɗa su. Kuma kimiyya ba ta ce babu Mahalicci ba; ba ta da sikelin da za ta auna wannan, kamar yadda ma'aunin zafin jiki ba ya auna baƙin ciki. Ni da na buɗe wannan babin, da na rufe shi, ban taɓa barin salla ba. Haka nan masu sukar wannan ra'ayi, tambayarsu ba ta wauta ba ce. Suna tambaya ne a kan darajar ɗan Adam, suna tambaya a kan uban farko da aka ba mu labarinsa, suna tsoron kada yaro ya tashi yana ganin kansa hatsari ne kawai da ya auku. Wanda ya yi wa wannan tsoro dariya bai san zuciyar uba ba. Ni kaina akwai wuraren da ban iya ɗinke ɓangarorin biyu ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Wannan ita ce hujjar a taƙaice, kuma 'ya'yanmu za su faɗaɗa ta, su kuma soke ta, fiye da yadda zan iya. Abin da ba za su samu a littafi ba shi ne abu na biyu.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, sai yayana ya zama uba. Mai gyaran agogo ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, tebur ɗaya mai murfin gilashi, kujera ɗaya, da benci na masu jira. Yana da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsaki, da ƙananan sukudirebobi da ba ya bari kowa ya taɓa. Da wannan tebur ya ciyar da ni, da shi ya kai ni makaranta har na fito malami. Shi ya koya mini alwala, shi ya koya mini yanke farce, shi ya je neman mini aure. Da maiɗakina ta rasu ta bar mini 'ya mace, shi da matarsa suka ɗauke ta suka haɗa da nasu. Har na yi furfura bai taɓa kirana da sunana ba. Auta yake ce mini, ni kuma in ce Yaya.

A makarantar da nake koyarwa, babin juyin halitta yana cikin manhaja, amma malamai sun saba tsallake shi. Ni kuwa na ga hukuma ta sa shi, jarrabawa tana iya kawo shi, kuma yaran suna da haƙƙin su ji shi daga bakin wanda zai yi musu bayani a natse, maimakon su tsince shi a titi. Na koyar da shi shekara da shekaru ba abin da ya faru. Sai wata shekara wani yaro ya koma gida ya taƙaita wa mahaifinsa darasin mako guda a jimla ɗaya. Aka kira taron iyaye da malamai, a zaure irin wannan, mai fankoki irin waɗannan.

Mahaifin yaron ya miƙe ya ce, "Malam, ɗana ya ce ka ce kakanmu biri ne. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Na ce, "Ban faɗa ba. Idan an ba ni dama zan yi bayanin abin da na faɗa."

Ya ce, "Ba bayani muka zo ji ba. E ko a'a?"

Na fara magana a kan ƙasusuwan hannu, kamar yadda na yi muku ɗazu, amma ban kai gwiwa ba hayaniya ta rufe ni. Yaya yana cikin zauren, domin 'yata a makarantar take, shi ke zuwa mata taron iyaye. Sai wani dattijo ya juya ya ce masa, "Kai ka rene shi. Me ka ce?"

Yaya ya miƙe a hankali, ya ce, "Abin da yake koyarwa ban yarda da shi ba, kuma ba na jin zan yarda. Amma ni na koya masa salla, kuma ban ga ya bari ba." Ya zauna.

Maganar ba ta ishi jama'a ba, ni ma a ranar ba ta ishe ni ba. Washegari shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa. Mutum ne mai kirki, kuma tsoro ne ya kama shi. Ya ce, "Malam, ka ɗan koma kula da ɗakin kayan gwaje-gwaje, har abin ya lafa." Na ce to. Abin ya lafa, amma ba wanda ya tuna ya mai da ni aji. A ɗakin nan na zauna har na yi ritaya.

Bari in kwatanta muku ɗakin. Yana can ƙarshen baranda, bayan ajin ƙarshe, da taga ɗaya mai kallon katanga. Akwai kantoci cike da kwalabe, kwaɗo a wannan, maciji a wancan, cikin ruwan magani da ya koma rawaya. Akwai kwarangwal na roba a rataye a kusurwa, akwai famfo mai ɗiga, akwai madubin ganin ƙananan halittu a cikin akwatinsa na katako. Aikina in goge, in jera, in miƙa wa malamin da ya aiko. Bangon da ya raba ni da ajin ba shi da kauri, ina jin darasi yana tafiya. Kowace shekara idan an zo babin nan, sai in ji malamin ya ce, "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa, ku juya shafi." Sai in ji ƙarar takardu suna juyawa gaba ɗaya.

Jama'a, ina so ku fahimce ni. Ba wanda ya doke ni. Ba wanda ya zage ni a fuskata. Ba wanda ya rage mini albashi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Wanda a da zai tsaya ya tambayi gida da gajiya, sai ya ɗaga hannu daga nesa. Idan na shiga ɗakin malamai, hira ta mutu, kowa ya tuna yana da takardun dubawa. Da na ga haka sai na ɗauke kofin shayina na koma da shi cikin kwalabe. Katin gayyata ya daina zuwa. A masallacin unguwa sahu yakan cika, amma sau da yawa tsakanina da na kusa da ni akwai 'yar tazara, har sai liman ya ce a matso. Yara suka raɗa mini suna Malamin Biri. Wata rana 'yata ta zo mini, tana 'yar ƙarama a lokacin, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba, ta ce, "Baba, in an ce mini 'yar biri, me zan ce?" Na san amsar kowace tambayar jarrabawa a kan wannan babi, amma wannan ban san amsarta ba.

Yaya ma ya ɗauke ƙafa na wasu watanni. Sai wata rana da la'asar, an tashi makaranta, ina wanke kwalabe, na ji sallama. Shi ne, ya rufe shago da wuri. Ya tsaya yana kallon kantoci, ya toshe hanci, ya ce, "Auta, nuna mini birin."

Na ce, "Yaya, babu biri a nan."

Ya ce, "To a kan me ake ta rigima? Jawo mini kujera."

Ya zauna gaban kwarangwal ɗin, ya ciro gilashinsa ya maƙala a ido, ya kama hannun roban nan yana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar an kawo masa gyara. Na kawo hoton fiffiken jemage na ajiye kusa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya cire agogon hannunsa, ya buɗe bayansa, ya tura mini.

Ya ce, "Duba nan. Tun ba ka da wayo nake buɗe bayan agogo, ban taɓa buɗe wanda ba shi da maƙeri ba. In ka ga agogo biyu cikinsu iri ɗaya, kamfani ɗaya ya yi su. Hannunka da na jemage iri ɗaya ne don Mai yin ɗaya ne. Ina abin wahala a nan?"

Na ce, "Yaya, agogo ba ya haihuwa. Da yana haihuwa, 'ya'yan suna ɗan bambanta da iyayensu, masu riƙe lokaci daidai su ake bari, masu latti a zubar, da bayan zamani mai tsawo ka ga agogon da ba ka taɓa gani ba."

Ya ce, "To wa ya sa masa haihuwar?"

Na ce, "Wannan tambayar ba ta wannan ɗakin ba ce. A kanta amsata da taka ɗaya ce."

Ya rufe agogonsa ya ce, "Kai kullum sai mun iso bakin ƙofa ka ce makullin na wani ɗaki ne. Zan dawo."

Ya kuwa dawo. Kusan kowane mako sai ya zo, ya zauna a kujerar nan, ya ce, "Ina muka tsaya?" Yakan zo da tambayar da ya kwana yana wasawa. Me ya sa birai ba su ƙare ba? Rabin ido me zai amfana wa dabba? Wa ya ga abin da ya faru kafin a yi mutum, har da zai ba da shaida? Wasu na amsa, wasu na ce sai na bincika, wasu kuwa na ce ban sani ba, kuma ranar da na ce ban sani ba har waƙa yake yi a hanyar fita. Ni ma na sha ƙure shi, sai ya sosa gemu ya ce agogon wani yana jiransa. Na nuna masa ɗigon ruwan kwata a ƙarƙashin madubi, ya ga halittu suna kai da kawowa, ya ɗago ya yi tasbihi, ya ce, "Ka ga hujjata." Na ce, "Yaya, ai tawa ce." Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo.

Mutanen bencin shagonsa suka fara yi masa magana, me yake zuwa yi wurina. Ya ce musu wa'azi yake zuwa yi mini. Ni kuma ya zo ya ce, "Na gaya musu saura kaɗan in shiryar da kai, kada ka ba ni kunya." Bai sauya ra'ayina ba, ban sauya nasa ba. Amma a duk tsawon shekarun nan, shi kaɗai ne mutumin da ya ɗauki maganata da nauyin da zai sa ya zauna ya ƙaryata ta.

Sai tari ya kama shi. Aka auna aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani na watanni. Da ya ji sauƙi, ƙarfi ya dawo, sai ya ajiye maganin ya koma shago, bai gaya wa kowa ba. Bayan wani lokaci tarin ya dawo, kuma wannan karon maganin bai kama shi ba. Aka kwantar da shi a ɗakin da ake keɓe masu irin wannan cuta, can bayan asibiti, inda ba a shiga sai da takunkumi a fuska.

Ina tsaye a gefen gadon likita ta yi masa bayani. Ta ce, "Baba, ƙwayoyin cutar ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Maganin farko ya kashe masu rauni, shi ya sa kuka ji sauƙi. Da kuka daina sha, 'yan kaɗan masu taurin da suka rage su suka hayayyafa, yanzu zuriyarsu ce ta cika huhun. Za mu gwada wani maganin, amma ya fi wuya, kuma ya fi daɗewa."

Da ta fita, Yaya ya juyo da kai ya dube ni. Ya ce, "To, Auta, ga hujjarka ta zo ta kwanta a ƙirjina."

Na yi shekaru ina neman misalin da zai sa ya yi shiru, ga shi na samu, kuma da a ce ana mayar da hujja, da na mayar da ita a ranar, na yarda an kayar da ni a gaban duniya.

Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya ce, "Kada ka yi saurin murna. Ƙwayar cuta ce ta haifi ƙwayar cuta. Ranar da ta haifi akuya ka zo mu yi magana." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Yaya mutum ne na jama'a. Bencin shagonsa bai taɓa zama ba kowa ba. Amma cutar nan tana da ban tsoro, kuma ba na ganin laifin kowa. Abokai suka riƙa aiko gaisuwa daga bakin ƙofar asibiti. Matarsa tana kawo abinci, amma shi da kansa ya hana ta daɗewa, saboda yara. Sai ya zamana da rana, idan na tashi daga aiki, ni ne mai zama a kujerar gefen gadonsa. Wata rana ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Ashe haka kake ji a ɗakin kwalaben nan." Na ce, "Ana sabawa, Yaya." Ya ce, "Ƙarya kake. Ina muka tsaya?"

Muka ci gaba daga inda muka tsaya, ni ta cikin takunkumi, shi ta cikin tari. Da numfashi ya fara yi masa wuya, sai ya riƙa ɗaga yatsa yana kaɗawa idan bai yarda ba. Sabon maganin bai zo a kan lokaci ba, jikin ya riga ya gaji. A zamanmu na ƙarshe da ya iya magana sosai, ya sa na karanta masa addu'o'in da ya koya mini ina yaro, yana gyara mini inda na ja da yawa. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Auta, ni zan riga ka ganin amsar. Abin da ke ba ni haushi, ba zan iya dawowa in gaya maka ba."

Allah ya jiƙansa. An yi masa salla, jama'a sun cika titi, sahu bayan sahu, kuma a ranar ba wanda ya bar tazara tsakaninsa da ni.

Yanzu na yi ritaya. 'Yata tana aure a nesa, tana kirana a waya, Allah ya yi mata albarka. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki biyu, ina dafa abin da zan iya, ina karatu. Duniya ta ɗan sauya, yau akwai matasa da ke tare ni a hanya su ce, "Malam, ai kai ke da gaskiya." Ina gode musu. Amma mai yarda da kai ba ya zama. Zai gyaɗa kai, ya yi maka fatan alheri, ya wuce. Wani lokaci nakan karanta cewa an tono wani sabon ƙashi a wani dutse, in ji zumuɗi ya kama ni, in fara shirya yadda zan jera maganar, in hango inda za a soke ta, har in kai hannu ga takalmi. Sai in tuna, in koma in zauna.

Abu na uku, roƙo ne, kuma gajere ne.

'Ya'yana masu goyon bayan juyin halitta, ku kawo hujjarku a tsabtace, kada ku ƙara mata abin da ba ta ce ba, kuma kada ku raina wanda ke gabanku, domin yana tsaron wani abu ne mai tsada a wurinsa. 'Ya'yana masu suka, ku soki abin da aka faɗa, ba abin da kuka ji an ce an faɗa ba. Ku duba ƙashin kafin ku ƙaryata shi, domin imanin da ke tsoron kallo bai gama ƙarfi ba. Wanda bai san amsa ba ya ce bai sani ba, ba a mutuwa saboda haka. Malamai 'yan'uwana, kada ku ce a juya shafi. Ku koyar, ku bar yara su yi tambaya, ku bar malamin addini ya shigo ya faɗi tasa. Iyaye, idan yaro ya kawo muku jimla ɗaya daga makaranta, ku je ku nemi sauran. Ku kuma duka, kowa da kowa, idan an tafi gida a sha magani har ƙarshensa, ko da an ji sauƙi.

Alƙalai za su ba wani ɓangare kofi a yau, wannan aikinsu ne. Amma ni roƙona shi ne, idan an tashi, kada wanda ya ci ya fita ta wannan ƙofa, wanda aka kayar ya fita ta waccan. Idan kun ga wani ya ɓata a ganinku, ku je ku same shi, ku zauna, ku yi masa gardama har rana ta faɗi, ku dawo mako mai zuwa. Ku ƙaryata shi, ku ƙure shi, ku yi masa dariya idan ta kama. Abu ɗaya kawai nake roƙo kada ku yi masa: kada ku yi masa shiru.

Ya Allah, ka sa wannan muhawara ta zama haske, kada ta zama wuta. Ka buɗe ƙirjin 'ya'yanmu ga ilimi, ka tsare zukatansu daga girman kai. Ka nuna mana gaskiya ka ba mu ikon binta, inda muka kasa gani kuma ka ba mu haƙuri da juna. Ka saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri. Ka ba marasa lafiya lafiya, musamman waɗanda ke kwance inda ba mai shiga. Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka haskaka kabarin wanda ya rene ni. Duk wanda ke cikin wannan zaure da zai koma ɗakin da ba mai amsa masa sallama, ya Allah ka zama abokin zamansa. Ka mai da kowa gidansa lafiya.

Shugabar taro, alƙalai, jama'a, na ci muku lokaci, kuma kun saurare ni har ƙarshe. Na gode.